Famasin unguwarmu da nas ɗinsu mai zuwa gida: abin da na gani a jinyar Mma

Tsakanin Aboabo da Asawase, a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, shagunan magani sun fi a ƙirga, amma akasarinsu lasisin sayar da ƙananan magunguna gare su, irin su farasitamol, maganin tsutsar ciki da man zafi. Wanda zan yi magana a kansa cikakken famasi ne. Akwai ƙwararren mai haɗa magani a ciki tun safe har bayan isha'i, takardar lasisinsa na rataye a bango inda kowa zai gani. Abin da ya raba shi da sauran shi ne suna da nas da ke bin tsofaffi har gida, ta auna jini da zafin jiki, ta rubuta, sannan ta faɗa wa iyali ko jinyar gida za ta wadatar ko a nufi asibiti. Ba zan kama suna ba, domin akwai inda zan soke su, kuma da mutanen nan muke haɗuwa a suna da biki da jana'iza. 'Yan unguwa za su gane wurin.

Idan kana da tsoho ko tsohuwa mai shan maganin hawan jini, zazzaɓi kuma yana tafiya yana dawowa, kuɗin da za ka ba su ba asara ba ne. Sai dai da sharuɗɗa, zan zo kansu.

Mahaifiyata, Mma, ta haura shekara 75. Ta daɗe a kan maganin hawan jini kala uku: amlodipine, lisinopril, da ɗan ƙaramin nan mai sa yawan fitsari da ake ce wa bendro. Da hunturu ya shigo, jikoki suka kwaso mura daga makaranta, ta bi gidan ɗaki-ɗaki. Yara suka yi tarinsu suka miƙe. Ita kuwa sai zazzaɓi ya kama ta da la'asar, ta kwana tana rawar sanyi, da asuba gumi ya karyo mata a ce ai ta warke, la'asar na yi ya dawo.

A Zango, duk zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka. Mai famasin bai yarda da wannan ba. Da na je da bayanin jikinta, cewa ya yi, "Yaya, maganin maleriya ga shi nan a kan kanta, amma ba na ba tsohuwa sai an gwada. Ko ki kawo ta, ko nas ta biyo ki da abin gwaji." Wannan ba ƙa'idarsa ba ce shi kaɗai, haka hukumar lafiya ta Ghana ta tsara: a gwada kafin a ba da magani. Amma duk wanda ya taɓa sayen magani a garin nan ya san ba kowa ke bi ba. Aka soki yatsan Mma, muka jira kamar minti 15, layi ɗaya ya fito, babu maleriya. Ya kuma ƙara da cewa gwajin gaggawa yakan kuskure wani lokaci, don haka in zazzaɓin ya ci gaba a kai jini ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Na ji daɗin wannan, domin bai nuna abin da ke hannunsa ya fi ƙarfin kuskure ba.

Ganinsa, da ganin nas ɗin, ƙwayar bairas ce irin ta mura mai tsanani. Ba su ce ga sunanta ba, kuma ba su yi kamar sun sani ba. Tantance irin wannan aikin manyan ɗakunan bincike ne, kamar cibiyar KCCR da ke jami'ar KNUST ko Noguchi ta Legon, waɗanda muka riƙa jin sunansu a rediyo lokacin korona a 2020. Abin da ya jaddada shi ne kada a ce "mura ce kawai" ga mai shekarun Mma. Mu mutanen Asokore Mampong ba ma buƙatar dogon wa'azi a kan haka: a Disamban 2017 murar H1N1 ce ta yi sanadin rasuwar ɗalibai a makarantar sakandare da ke nan kusa da mu, kuma matasa ne masu jini a jika.

Abu na farko da ya sa na ɗauke su da muhimmanci shi ne maganar leda. Ya ce in tattaro duk wani magani da ke ɗakin Mma, na asibiti da na masu dubiya, in kawo masa. Wanda ya yi jinya a gidan yawa ya san yadda abin yake. Kowace mai dubiya tana shigowa da ayaba ko lemo a hannu ɗaya, a ɗayan kuma maganin da ya yi wa mijinta aiki bara. Ba ka isa ka ce a'a ba, zumunci ne. Ya zazzage ledar a kan kanta ya fara warewa.

Ya ɗaga katin diclofenac da wata maƙwabciya ta kawo saboda ciwon gaɓoɓi. Shi da ibuprofen, in ji shi, suna iya ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, sannan idan suka haɗu da lisinopril da bendro a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙoda ce ke shan wahala. Ya ƙara wani dalili da ban taɓa kawowa a raina ba: a 2024 an tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengue a jihar Gabas ta Ghana, kuma mai dengue idan ya sha irin waɗannan yana iya zubar da jini, shi ya sa duk zazzaɓin da ba a san asalinsa ba ya fi son a tsaya ga farasitamol. Sai ƙwayoyin mura masu launi-launi. Ya juya bayan kwalin ya nuna mini ƙananan rubutun: akwai farasitamol a ciki, akwai kuma sinadarin buɗe hanci, wanda ke matse jijiyoyin jini ya sa awo ya hau. Ma'ana tsohuwa tana iya shan farasitamol ta ƙofa biyu ba wanda ya lura, hanta kuwa ba ruwanta da sunan da ke kan kwali. Babban mutum mai lafiya iyakarsa giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar awa 4 zuwa 6 tsakanin sha. Mma ba ta da jiki, nauyinta bai kai kilo 50 ba, sai ya yanka mata ƙasa da haka ya rubuta lokutan a jikin kwalin da babban baƙi. Ragowar kafso na amoxicillin ya ajiye gefe, ya ce antibayotik ba ya taɓa bairas. Kwalbar jiƙo marar takarda kuma bai zage ta ba, cewa kawai ya yi bai san abin da ke ciki ba, a dakata da ita har a warke.

Duk wannan bai karɓi ko kobo ba, kuma abin da na fita da shi daga shagon farasitamol ne da gishirin ORS da ma'aunin zafin jiki. Ɗan kasuwa da ya ga ciniki ya bar shi ya wuce, ni dai yakan burge ni.

Yanzu ga nas ɗin, wadda ita ce ainihin abin da ake biya. 'Yar Asante ce, Hausarta ta kasuwa, tana ce wa Mma "Mma Hajiya", Mma kuma tana amsa mata da Tuwi, yaren Asante, wanda ta koya shekara da shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ba ta gaggawa. Idan ta shigo sai ta gaisa, ta tambayi abin da aka ci, sau nawa aka yi fitsari da kalarsa, ko an ci goro. Mma ba ta rabuwa da goro, nas kuwa ba ta aunawa sai an yi rabin awa da tauna shi. Tana zaunar da ita a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan matashi daidai ƙirji, a yi shiru minti 5. A gidanmu samun shirun minti 5 shi ne aiki mafi wuya. Sannan ta auna sau biyu da tazarar minti ɗaya.

A jakarta akwai maɗaurin damtse iri uku. Na tambaye ta dalili. Ta ce maɗaurin da ya yi wa hannu kaɗan yana ƙara lamba, wanda ya yi yawa kuma yana ragewa. Wanda ke zuwa da yawancin na'urori na damtse mai kauri santimita 22 zuwa 32 ne. Ta sa tef irin na tela ta auna damtsen Mma, bai kai 22 ba, sai ta ɗauko ƙaramin. Shekarun da muka yi muna zuwa awo wurare daban-daban ban ga wanda ya auna damtsen kafin ya auna jinin ba.

Wani dare muka auna da na'urar gida Mma tana tsakiyar rawar sanyi, ta nuna 168 bisa 94. Gida ya rikice. Yayanmu da ke Bronx a Amurka ya bugo ta WhatsApp yana cewa a ninka mata amlodipine yanzu-yanzu kafin ɓarin jiki ya shanye, in kuma kuɗi ne zai turo. Wanda ke nesa tsoronsa ya fi na wanda ke zaune a ɗakin, ban ga laifinsa ba. Na kira nas. Tambayoyi ta jero mini: akwai ciwon ƙirji, akwai karkacewar baki, hannu ko ƙafa sun mutu, magana ta sarƙe, gani ya dushe? Na ce babu. Ta ce to kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya. Na'urar tana karanta motsin jijiya ne ta cikin maɗaurin, mai kyarma kuwa duk jikinsa motsi yake, ga ciwo da firgici su ma suna ɗaga jini. A ba ta farasitamol in lokacinsa ya yi, a bari jiki ya lafa, a sake aunawa. Da aka sake, 146 bisa 84. Ta ce da ya kai 180 bisa 120, ko kuma ɗaya daga cikin alamun da ta lissafa ya bayyana ko da lambar ba ta kai can ba, ba ita za a kira ba, mota za a nema ko a buga 112.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a jinyar nan shi ne, mu duk ido muka zuba wa hawan jini, ita kuwa faɗuwarsa take tsoro. Zazzaɓi yana buɗe jijiyoyi, gumi yana kwashe ruwa, tsohuwa ba ta cin abinci, ƙishirwa ma ba ta cika damun tsofaffi ba ko da jikinsu ya bushe, ga kuma magani kala uku suna ta aikinsu na sauke jini kamar ba abin da ya canja. Da Mma ta fara ɗan gudawa, ta ce in ta miƙe za ta yi alwala ƙasa na juya mata, nas ta auna ta a zaune, 104 bisa 62, sannan ta tsayar da ita ta riƙe ta, ta sake aunawa, 82 bisa 54, bugun zuciya 108. Ta ce idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye bayan an miƙe, ko ta ƙasa da 10, to akwai magana. Nan take ta kira likitan da suke aiki da shi ta karanta masa lambobin, shi ne ya ce a dakatar da bendro da lisinopril na ɗan lokaci har ta koma ci da sha, a ci gaba da awo safe da yamma. Na lura ba ta yanke wannan hukunci da kanta ba, kuma ta ja mini kunne kada wani ya ji labarinmu ya dakatar da maganin tsohonsa ba tare da likita ba. Aka koma ORS kurɓi-kurɓi, koko mai ruwa-ruwa, romo, ruwan kwakwa. Sobolo, wato zoɓo, da Mma ke so nas ta ce a jinkirta, tun da shi ma yakan ɗan sauke jini. Sallah a zaune, bayi da rakiya, domin tsohuwa in ta faɗi ta karya ƙugu, wannan wata jinyar ce daban.

Duk awon nan a littafi yake shiga. Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, ta ja layuka da biro: rana, lokaci, zafin jiki, jini, bugun zuciya, abin da aka sha da lokacin da aka sha. Ta koya wa 'yata mai aji biyu a sakandare yadda za ta cike shi idan ba ta nan. Awo guda ɗaya kamar ɗanɗana miya ne tun ba ta nuna ba, sai an jera su ake ganin inda jiki ya dosa. A littafin ne muka ga zafin yana sauka sannu a hankali daga 38.9 zuwa ƙasa da 38, tazarar da ke tsakanin zazzaɓi da zazzaɓi kuma tana ƙara tsawo.

Mma ta samu sauƙi. Ta nemi tuwo, ta fito tsakar gida ta yi wa jikoki faɗa, muka ce alhamdu lillahi. Sai ga zazzaɓi ya dawo, da tari mai majina ruwan ɗorawa. Ma'auni 37.9 kawai ya nuna, har wata ƙanwar Mma ta ce ai wannan ba komai ba ne, an ga wanda ya fi shi. Amma Mma ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu tuntuni, ta kuma tambaya ko an rufe shago, shagon da ta bari shekaru da yawa. Nas ta zo, ta ɗora agogo a cinya ta ƙirga numfashi na minti ɗaya cur, 26. Ta maƙala abin auna iskar jini a yatsa, 91. Ta ce na'urar ma takan nuna sama da gaskiya a fata mai duhu, don haka ba za ta yi wa 91 kyakkyawan zato ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, wannan ya wuce aikina. Tsoho ba lallai jikinsa ya yi zafi sosai ba ko da ciwon ya yi tsanani, rikicewar nan ita ce zazzaɓinsa. Zazzaɓin da ya tafi aka ji sauƙi sannan ya dawo da sabon tari, sau da yawa wata ƙwaya ce ta hau kan ta farko. Ku tashi yanzu, kada ku jira safiya, kuma tasi za ku ɗauka, ban da pragya, keken nan mai ƙafa uku, a ƙurar nan."

Ta rubuta takarda ta haɗa da littafin. A asibitin Manhyia likita ya buɗe littafin ya bi shi layi-layi, tambayoyin da ya yi mini kaɗan ne. Hoton ƙirji ya nuna nimoniya, aka kwantar da ita, aka sa mata antibayotik ta jijiya. Maganin da mai famasi ya hana a farko, yanzu lokacinsa ya yi. Katin inshorar lafiya na NHIS bai ba mu matsala ba, domin tun zuwanta na farko nas ta sa mun danna *929# mun tabbatar yana aiki. Wanda ya kai shekara 70 an yafe masa kuɗin shekara, amma katin yana mutuwa in ba a sabunta ba, mutane da yawa sai a bakin tagar asibiti suke ganewa. Bayan an sallamo ta jinin ya fara komawa sama, 150 da wani abu, likita ya mayar da magungunan ɗaya bayan ɗaya, nas ta ci gaba da zuwa tana rubutawa.

To, ga inda suka gaza. Nas ɗaya ce tal. Idan ta ce bayan azahar, ka sa ran la'asar, wani lokaci har magariba, kuma ba ta cika bugowa ta ce za ta makara ba. Ranar Lahadi da safe tana coci, babu mai maye gurbinta. Dare ya yi nisa kuwa waya kawai za ka samu, ita ma in ta ɗauka. Wanda tsohonsa ke buƙatar ido a kansa kowace awa, wannan hidima ba tasa ba ce, gadon asibiti yake bukata.

Zuwa gida ba ya cikin inshora, daga aljihu ne, ko a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Kuɗin zuwa ɗaya bai kai abin da za ka kashe a tasi ka kai tsohuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, ka dawo da ita ba, balle wunin da za ka rasa a layi, amma in ya taru yana da nauyi, kuma ba su da rangwame ga wanda ake zuwa masa a jere. Na yi musu magana, aka ce za a duba. Mu da muke da ɗan'uwa a waje mun iya. Mai sayar da koko a bakin titi da ke riƙe da uwarta ita kaɗai fa?

Cikin shagon ma akwai gyara. Kujerar awon jini tana dab da ƙofa, ga ƙarar babura, ga masu saye suna miƙa kuɗi ta saman kanka, kowa yana jin lambarka. Duk ƙa'idar da nas ke bi a gida, a nan an watsar: ka shigo daga rana kana haki, yaron kanta ya ɗaura maka a kan hannun riga ya danna. Irin wannan awo kyauta ne, amma ni ba zan gina komai a kansa ba. Yaron nan kuma, in maigidan ba ya nan, sai ya yi ta tura maka maganin ƙarin jini da bitamin masu tsada, wai tsohuwa ta samu ƙarfi. Ma'aunin goshi da suke haska wa mutane a bakin ƙofa shi ma ban yarda da shi ba, ya taɓa nuna Mma lafiya lau alhali na hammata yana cewa 38.4.

Suna sayar da na'urar awon jini iri biyu, ta damtse da ta wuyan hannu. Ta wuyan hannu ta fi araha kuma ta fi kyan gani, amma mai famasin da kansa ya ce ga tsofaffi a ɗauki ta damtse, domin ɗayar in hannu ya ɗan sauka ko ya hau daga daidai zuciya lambar ta canja. Mun ɗauki ta damtse mai batir, saboda ɗauke wuta. Ƙaramin maɗauri ba ya cikin kwalin, kuma babu shi a shagon, sai da suka aika Adum, tsakiyar gari, aka nemo mana, muka biya daban. Duk wanda zai saya wa tsohuwa marar jiki, ya auna damtsenta da tef tun a gida, ya je da lambar, ya kuma sa a gwada masa na'urar tare da ta nas kafin ya biya.